Raƙuman dawan Dabous: shin zanen dabba a kan dutse hujja ce cewa ta taɓa rayuwa a wurin?

Mai tambaya ya ce ya ga hoton raƙuman dawa guda biyu da aka sassaƙa a kan dutse a Dabous, cikin jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar, kuma yana son sanin ko wannan sassaƙa ta isa hujjar cewa irin waɗannan dabbobi sun taɓa zama a wurin da yau fari ya cinye, ko kuwa mai aikin ya gan su ne a wata ƙasa, ko ma labarinsu kawai ya ji. Ya ƙara da cewa a ganinsa hoton kyamara ne kaɗai abin dogaro, domin hannun ɗan Adam ba ya rabuwa da ƙari da ragi.

Malam, amsar ita ce raƙuman dawa sun rayu a yankin Azbin, inda Dabous yake, kuma babu sauran jayayya a kan haka tsakanin masana. Sai dai ba sassaƙar kaɗai ce ta tabbatar da hakan ba. Zane shaida ne guda, kuma kamar kowane shaida, sai an tuhume shi, an kuma nemo wanda zai mara masa baya kafin a yanke hukunci. Hoton kyamara ma bai kuɓuta daga wannan tuhuma ba, kamar yadda za mu gani.

Dabous yana gefen yamma na duwatsun Azbin, arewa da birnin Agadas, ba nisa da hanyar motar da ta nufi Arlit. Sassaƙar tana saman wani tudun dutsen yashi, a kan shimfiɗa mai ɗan gangare, ta yadda mai wucewa ta ƙasa ba zai gan ta ba sai ya hau. Babban raƙumin dawan, wanda ake ɗauka namiji ne, tsawonsa ya haura mita 5, wato an yi shi daidai girman dabbar mai rai, ƙaramar kuma, wadda ake ɗauka mace ce, tana kusa da shi. Buzayen yankin sun daɗe da sanin wurin, amma wani masanin kayan tarihi Bafaranshe mai suna Christian Dupuy ne ya fara rubuta bayaninsa a 1987, sannan hotunan da David Coulson ya ɗauka a ƙarshen shekarun 1990 suka yaɗa shi a duniya. A 1999 aka ɗauki kwafin sassaƙar ta hanyar zubi, aka ƙera irinta da sanholo, aka kafa ɗaya a filin jirgin saman Agadas. A kewayen tudun an lissafa zane fiye da 800, mafi yawansu na dabbobi: shanu, jimina, zaki, karkanda, bareyi da raƙuma, tare da wasu rubuce-rubuce na Tifinag, rubutun Buzaye.

Abu na farko da ake dubawa shi ne ko mai aikin ya san dabbar da idonsa. A Dabous wannan ba ya buƙatar dogon nazari. Tsawon wuya ya yi daidai da tsawon ƙafafu, kafaɗa ta fi ƙugu tudu yadda bayan ke gangarowa zuwa wutsiya, 'yan ƙahonin nan biyu suna inda ya kamata, an fitar da geza, an fitar da gwiwa da kofato. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne rodi-rodin jikin, domin ba tabo aka ɗiɗɗiga barkatai ba: an kewaye kowane ɗaya da layi mai zurfi, an goge shi sumul, manya a gangar jiki, ƙanana a inda jikin ya siranta. Kuma duk wannan ba da ƙarfe aka yi shi ba, da duwatsu masu tauri da kaifi aka kankare, aka goge. Aikin da ya ci kwanaki masu yawa ne, kuma a ganina babu mai iya riƙe ma'aunin dabba mai mita 5 a kansa, yana durƙushe a kan dutse inda ba ya iya ja da baya ya hangi aikin gaba ɗaya, sai wanda ya saba ganinta tun yana yaro.

Don a gane bambancin, a dubi abin da ke faruwa idan mai zane ya dogara da jita-jita. A 1515 aka sauke wata karkanda daga Indiya a tashar jiragen ruwa ta Lisbon, kyauta ga Sarkin Fotugal Manuel na Ɗaya. Wani shahararren mai zane Bajamushe, Albrecht Dürer, wanda yake zaune a Nuremberg, bai taɓa sa ta a ido ba, wasiƙa da wani ɗan zane kawai suka iso masa. Ya zana ta sanye da faranti-faranti kamar sulken mayaƙi, ƙafafunta da ɓawo irin na kifi, ya kuma dasa mata wani ƙaramin ƙaho murɗaɗɗe a doron wuya, wanda babu karkandar da ke da shi. Gwani ne na gaske, amma gwaninta ba ta maye masa gurbin gani ba. Turawa suka yi ta kwafar wannan zane a littattafansu fiye da shekara 200 suna ɗauka haka karkanda take. Alamomin zanen jita-jita ke nan: ƙarin gaɓa, aron siffar wani abin da mai zanen ya sani, da rikicewar ma'auni. Babu ko ɗaya daga cikinsu a Dabous.

To amma mai tambaya yana da gaskiya a wani gefe, domin mutum yana iya ganin dabba a kudu, ya yi tafiyar wata guda, ya zo ya zana ta a arewa. Nan ne ake buƙatar shaidun da ba su da alaƙa da hannun mai zane, kuma suna da yawa. Binciken ƙasa da na tsoffin tafkuna ya nuna cewa daga kimanin shekara 11,000 zuwa shekara 5,000 da suka wuce, damina tana kaiwa can cikin Sahara, saboda wani sauyi a kewayawar duniya da ya ƙarfafa iskar da ke kawo ruwa daga teku. A lokacin Tafkin Chadi ya kai faɗin kusan murabba'in kilomita 350,000. A Gobero, cikin hamadar Tenere, ayarin wani masani Ba'amurke mai suna Paul Sereno da ya fita neman ƙasusuwan halittun zamanin da a shekarar 2000 ya ci karo da maƙabarta a bakin wani ƙafaffen tafki, kuma tare da kaburburan an samu ƙasusuwan dorina, kada, kunkuru da giwan ruwa, da kuma masun kamun kifi na ƙashi. A Dufuna ta jihar Yobe, wani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 ya tono kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Har yau akwai tsirarun kadoji a wani kududdufi da ake kira Archei a duwatsun Ennedi na ƙasar Chadi, zuriyar waɗanda ruwa ya janye ya bari. Ƙasar da ta ɗauki dorina da giwan ruwa ba za ta gaza ciyar da raƙumin dawa ba, shi da ganyen ƙaya ya ishe shi.

Akwai ma misalin da ya fi wannan ƙarfi. A duwatsun Aljeriya da Libiya an sha samun sassaƙar wata irin ɓauna mai ƙahoni masu tsawon da ya wuce hankali, har mutum ya ce ƙari ne na mai zane. Sai ga ƙwaryar kanta an tono daga ƙasa, faɗin ƙahonin daga wannan tsini zuwa wancan yana kaiwa kusan mita 3. Irinta ya ƙare shekaru dubbai da suka wuce, saboda haka babu inda wani na baya zai je ya gan ta ya kwaikwaya.

Wanda ya fara karanta irin waɗannan zane-zane a matsayin tarihin yanayi shi ne Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin da mutanen ƙasarmu suka sani da Abdulkarim. A 1850, kan hanyarsa daga Tarabulus zuwa Agadas, kafin ya iso Kano a farkon 1851, ya tsaya a wani kwari a yankin Fezzan na Libiya ta yau inda ya ga garken shanu a sassaƙe a jikin dutse, ya kuma lura cewa babu raƙumi ko ɗaya a cikinsu, alhali shi da ayarinsa ba su isa wurin ba sai a kan raƙuma. Daga nan ya fahimci cewa an yi zamanin da saniya ke iya rayuwa a wurin. Masanan da suka biyo baya sun faɗaɗa wannan tunani, suka jera zane-zanen Sahara bisa dabbar da ta fi yawa a cikinsu: zamanin manyan namun daji, zamanin makiyayan shanu, zamanin doki da keken doki, sannan zamanin raƙumi, wanda bai yaɗu a hamadar ba sai kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Jerin ba shi da kaifin iyaka kamar yadda littattafan makaranta ke nunawa, zamunnan suna shiga juna, amma tsarinsa gaba ɗaya yana tafiya daidai da bushewar ƙasar.

Ba sai an je Azbin ba kafin a ga irin wannan. A Birnin Kudu ta jihar Jigawa, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu da jan launi a ƙarƙashin duwatsu, waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950, akwai kuma makamantansu a Geji ta jihar Bauchi. Duk Bahaushen da ya kalli shanun Birnin Kudu da kyau zai ga abin da ya ɓace a jikinsu: ba su da tozo. Shanun da muka sani yau, bunaji da rahaji da bokolo, duk masu tozo ne, kuma asalin masu tozo daga yankin Indiya yake, daga baya suka shigo Afirka. Marasa tozo sun riga su, ragowarsu su ne muturun kudu da shanun kuri na bakin Tafkin Chadi. Mai zanen da ya bar tozo ba mantuwa ya yi ba, saniyar da ke gabansa ya zana.

Batun shekaru shi ne inda ya kamata a yi taka-tsantsan, domin a nan ne marubutan jarida suka fi sakin baki. Ana yawan cewa raƙuman Dabous sun kai shekara 6,000 zuwa 8,000, amma wannan ƙiyasi ne, ba sakamakon gwaji ba. Gwajin kabon yana aiki ne a kan abin da ya taɓa rai, kamar gawayi, ƙashi ko itace, sassaƙa kuwa rami ce a jikin dutse, babu abin da za a ɗiba a kai ɗakin gwaji. Saboda haka ake bin hanyoyi na kewaye. Ana duba wani rufi mai duhu da sinadaran ƙarfe da manganis ke yi wa duwatsun hamada sannu a hankali, domin layin da ya yi duhu daidai da sauran dutsen ya girmi wanda har yanzu yake fari. Ana duba inda wani zane ya hau kan wani, na ƙasa shi ne babba. Ana kwatanta salon aiki da na wuraren da aka samu mazaunin mutane kusa da zanen, kamar Iwelen a arewacin Azbin, inda aka tono tsinin masu na jan ƙarfe masu siffa ɗaya da waɗanda mayaƙan da ke jikin dutsen suke riƙe da su, aka kuma auna shekarun mazaunin ya haura 2,000. Wani abin da ake mantawa shi ne raƙumin dawa bai bar gefen hamada da wuri ba kamar dorina. Har farkon ƙarni na 20 ana samunsa a faɗin Sahel daga Senegal zuwa Tafkin Chadi, kuma mutanen zamanin doki ma sun ci gaba da zana shi a Azbin. Don haka ganin raƙumin dawa a dutse ba ya nufin zanen tsoho ne tukuf. Salon aikin da zurfin layin da duhunsa su ne suka sa ake kai na Dabous can baya.

Haka kuma kada a ɗauki bangon dutse a matsayin ƙidayar dabbobi. Mutanen sun zana abin da ya cika musu ido ko yake da matsayi a zuciyarsu, ba duk abin da suke ci ba. Ƙasusuwan da ake tonowa a bakin tsoffin tafkuna sun nuna kifi ya yi yawa a cimarsu, amma da wuya a ga kifi a dutse, raƙumin dawa kuwa ya cika ko'ina. A Dabous ɗin kansa akwai wani layi da ya fito daga bakin kowane raƙumi, ya gangaro yana lanƙwasa har ya kai ga wani ɗan ƙaramin mutum a ƙasa. Wasu sun ce igiya ce ta farauta ko ta yunƙurin sabar da dabbar, wasu sun ce alama ce ta wata dangantaka ta addini ko tatsuniya. Ni na fi karkata ga na biyu, saboda ana samun wannan layi a wurare masu nisa da juna, kuma mutumin a kullum ƙanƙane yake ƙwarai, kamar ba girmansa na zahiri ake nufi ba. A tudun Messak na Libiya ma an sassaƙa mutane masu kan kare suna jan karkanda, kuma karkandar daidai take gaɓa da gaɓa, masu jan ta ne ba na duniyar nan ba. Hannu ɗaya ya yi duka biyun, ya faɗi gaskiya a kan siffar dabba, ya kuma saka ta cikin labarin da ba a gani da ido.

Yanzu ga maganar kyamara. Akwai wurin da ta kayar da masu zane warwas, kuma adalci ne a faɗa. Shekaru aru-aru ana zana doki a sukuwa da ƙafafun gaba miƙe gaba, na baya miƙe baya, duka huɗun a sama. Haka dawakan da ke jan keke a duwatsun Sahara suke, haka kuma Théodore Géricault ya zana dawakan tsere na Ingila a 1821. A 1878, a Palo Alto ta Kalifoniya, mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin tsere bisa ɗaukar nauyin attajiri Leland Stanford, dokin da ke wucewa yana tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Hotunan suka nuna cewa lallai akwai lokacin da ƙafafu huɗun ke barin ƙasa, amma a naɗe suke a ƙarƙashin ciki, ba a miƙe ba. Idon ɗan Adam ba ya iya kama wannan, ko da kuwa na wanda ya tsufa a kan sirdi ne. A kan motsi mai sauri, kyamara ta fi ido, babu gardama.

Amma kyamara tana faɗin abin da aka ajiye a gabanta ne kawai, ba ta faɗin wanda ya ajiye shi. A babbar gasar hoton namun daji da gidan adana tarihin halittu na Landan ke shiryawa, an ƙwace kambun wanda ya yi nasara a 2009 bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da aka ɗauka yana tsallake shinge na gida ne da aka sabar, ba na daji ba. A 2018 kuma aka soke wani hoton da ya ci kyauta saboda an gano dabbar cikinsa, wata mai cin gara ta Kudancin Amurka, matacciya ce da aka cusa wa kaya aka tsayar. Duka hotunan biyu kyamara ce ta ɗauke su ba tare da ƙari ko ragi ba, kuma duka biyun ƙarya suka faɗa. Wannan tun kafin zuwan manhajojin da yau ke ƙirƙirar hoton dabbar da ba a taɓa haifa ba.

Zane-zanen Sahara kansu sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun masu ɗaukar hoto da masu kwafa. Ayarin wani mai bincike Bafaranshe, Henri Lhote, da ya yi aiki a Tassili ta Aljeriya a 1956 da 1957 ya riƙa jiƙa zane-zanen da soso don launinsu ya fito, abin da masu yawon buɗe ido suka ɗauka suka ci gaba da yi har wasu zanen suka dushe. Daga baya kuma ta bayyana cewa wasu siffofi masu kama da na Misira ta dā da aka buga cikin sakamakon ayarin, 'yan ayarin ne suka ƙirƙira su. Wasu masu ɗaukar hoto kuma sukan bi layin sassaƙa da alli don ya fito a hoto, sai ya zama abin da mai kallo ke gani fahimtar mai allin ce, ba aikin mai sassaƙar ba, ga shi kuma allin yana ɓata dutsen ga masu gwaji. Saboda haka hoton Dabous da mai tambaya ya gani shi ma zaɓi ne: an ɗauke shi daga sama, a lokacin da rana ta karkata inuwa ta cika layukan. Da tsakar rana aka ɗauka, da rabin rodi-rodin bai fito ba.

Inda kyamara ta fi amfani ga wannan dabba shi ne a yankin Kure, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai, inda ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suke zaune cikin gonakin Zabarmawa, har manoma na kuka da su kan wake da mangwaro. A 1996 guda 49 kacal suka rage. Yau sun haura 600, kuma a 2018 an kwashi 8 daga cikinsu zuwa gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Ana iya faɗin waɗannan alƙaluma da ƙarfin gwiwa ne saboda rodi-rodin kowane raƙumi nasa ne shi kaɗai, ba ya canzawa har ya mutu. Masu ƙidaya suna ɗaukar hoton kowanne ta dama da ta hagu, su ajiye a kundi, su gane shi duk lokacin da suka sake haɗuwa, kamar yadda makiyayi ke sanin kowace saniyarsa da kamanninta. A nan hoton hujja ne, amma abin da ya mai da shi hujja shi ne kwanan wata da wurin da aka rubuta a jikinsa, da kuma wani da zai iya komawa ya duba.

Ga wanda ya samu zuwa Birnin Kudu ko Geji ko wani dutse mai zane a kusa da garinsu yana son ɗaukar hoton da masu bincike za su amfana da shi, ƙa'idar ba ta da wuya. Kada a zuba ruwa, kada a shafa hannu, kada a bi layi da alli ko gawayi. A ajiye ma'auni ko wani abu sanannen girma a gefen zanen ba tare da ya taɓa shi ba, a ɗauki hoto ɗaya daga nesa da zai nuna dutsen da kewayensa, sannan a matso a ɗauki kowace dabba ita kaɗai, kyamara tana fuskantar dutsen kai tsaye don kada siffar ta karkace. Sassaƙa ta fi fitowa da hantsi ko da la'asar, zanen launi kuwa ya fi kyau a inuwa, kuma akwai manhajar DStretch da ke fito da jan launin da ya dushe daga cikin hoton waya na yau da kullum. A rubuta ranar da sunan wurin yadda mutanen garin ke kiransa, a kuma nemi izinin mai unguwa ko mai gadin wurin kafin a hau.